Darasin Wata: In Babu Nama Da Nono, Me Za A Ci?

A ƙasar Ingila akwai wasu mutane da ba sa cin nama. Ba sa cin kifi, ba sa cin ƙwai. Ba sa shan nono, ba sa taɓa man shanu. Ko zuma ba sa sha, don sun ce guzurin ƙudan zuma ne. Abin da ya tsiro daga ƙasa kaɗai suke ci. Ana kiran irin waɗannan mutane 'yan bigan.

Wani malamin koyar da aikin katako mai suna Donald Watson, shi da abokansa, su ne suka kafa ƙungiyarsu a watan Nuwamba na 1944. Dalilinsu shi ne tausayin dabbobi. Daga baya wasu suka shiga don neman lafiya, wasu kuma don sun ga kiwon dabbobi masu yawa yana cinye ƙasa da ruwa. Watson ya rasu a 2005 yana da shekara 95. Tun daga 2014 kuma aka fito da wata al'ada a can. Mutum zai gwada wannan abinci na wata guda, watau watan Janairu, ya ga ko zai iya.

Ba Turawa ne suka fara ba. A ƙasar Habasha, Kiristoci mabiya tsohon cocin ƙasar suna azumin kwana 55 kafin bikin Ista. Suna kuma azumin yawancin ranakun Laraba da Jumma'a. A kwanakin azuminsu ba nama, ba nono, ba ƙwai, ba man shanu. In an tara kwanakin duka, sun kai wajen rabin shekara. Saboda haka matan Habasha sun gwanance da miyar garin wake da ake kira shiro, wadda ake ci da gurasarsu mai tsami, injera. A Indiya ma akwai miliyoyin mutane da ba sa cin nama, sai dai su suna shan nono.

To, mutumin karkara zai ji wannan ya yi dariya, kuma yana da gaskiya. Abin da Bature ya zaɓa don kansa, talaka ya daɗe yana yi bisa dole. Gidaje da yawa sukan yi mako da makonni tukunya ba ta ga tsoka ba. Tuwon dawa da miyar kuka da daddawa, babu abin dabba a ciki ko ɗaya. Nama halal ne, kuma wannan darasi bai ce kowa ya bar shi ba. Tambayar ita ce: in naman ya yi tsada ko ya ɓace, me zai tsaya a madadinsa, yara su girma, manya su iya noma? Waɗanda suka bar nama da gangan sun yi dogon bincike a kan wannan tambaya. Amsarsu za ta yi wa wanda ya rasa shi amfani.

Aikin da nama yake yi a jiki

Abinci iri uku ne a wajen aikinsa. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar gero, dawa, masara, shinkafa, rogo da mai. Akwai mai kare jiki daga cuta, kamar ganye da 'ya'yan itatuwa. Akwai kuma mai gina jiki. Abin da ke gina jiki shi masana suke kira furotin. Da shi ake yin tsoka da jini da fata da gashi. Babban aikin nama ke nan.

Yaro ya fi kowa bukatar furotin, don jikinsa gini ne da ba a gama ba. Mace mai ciki da mai shayarwa su ma haka. In yaro yana cin koko tsinkakke da rogo kaɗai, cikinsa zai cika amma jikinsa ba zai ginu ba. Daga nan tamowa take shigowa. Ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya daina wasa. Yaron da ya kai haka asibiti za a kai shi nan da nan, kada a tsaya gwajin abinci a gida.

Ga lissafin da masana abinci suka yi. A cikin kashi 100 na ɗanyen naman sa, wajen kashi 20 furotin ne. A busasshen farin wake akwai wajen kashi 24. A gyaɗa wajen 25. A busasshen waken suya akwai wajen kashi 36. Gero da dawa da masara suna da wajen kashi 10. Rogo kuwa da ƙyar ya wuce kashi 1.

Amma a lura da abu ɗaya. Wake yana shan ruwa ya kumbura in an dafa shi. Saboda haka ludayin dafaffen wake bai kai ludayin nama ba. Sai an ci da ɗan yawa. Duk da haka, in aka gwada kuɗin kilo ɗaya na nama da mudun waken da kuɗin zai saya, za a ga inda riba take. Kowa yana iya yin wannan lissafi ranar kasuwar garinsu.

Hatsi da wake abokan juna ne

Furotin ba abu guda ba ne. Kamar ginin ɗaki ne, da ke bukatar ƙasa da ruwa da ciyawa da azara. Nama ya zo da kayan ginin duka. Hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare, wake kuma yana da shi da yawa. Wake yana da ƙarancin wani ɓangaren, hatsi kuma yana da shi. In sun haɗu a ciki, sai gini ya tashi. Ba lallai ne a ci su a kwano ɗaya ba. In an ci su a yini ɗaya ya wadatar.

Iyaye da kakanni ba su san sunan furotin ba, amma sun san wannan haɗi. Koko da ƙosai haɗin hatsi ne da wake. Shinkafa da wake haka ne. Dawa da wake haka ne. Kunun gyaɗa haka ne, gyaɗa da shinkafa ko gasara. Tuwo da miyar wake, fate da gyaɗa, alale da kunu, duk hanya ɗaya suka bi. Ɗanwake ma yana cikinsu, in dai ba a cika masa garin rogo an rage waken ba, kamar yadda wasu masu sayarwa suke yi.

Ƙuli-ƙuli ya cancanci a girmama shi fiye da yadda ake yi. An matse mai daga gyaɗa, abin da ya rage yana da abincin gina jiki mai yawa. Kwaɗon zogale ko na rama da aka zuba wa dakakken ƙuli-ƙuli abinci ne cikakke, ko da wasu suna ganinsa abincin marasa hali. Sai dai a kula da gyaɗar da aka yi shi da ita. Gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe wannan guba. A tsince ruɓaɓɓu da masu ɗaci a zubar. Kada a ba yara, kada a ba kaji.

Waken suya

Asalin waken suya daga ƙasar Sin ne. An kawo shi Nijeriya a 1908. Mutanen Tibi na Binuwai su ne suka riƙe nomansa shekaru da yawa. Matan kudancin Kaduna, wajen Kafanchan, suka gano ana yin daddawa da shi kamar yadda ake yi da kalwa. A shekarun 1980 cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta fito da iri masu kyau, aka kuma shiga koya wa mata yadda ake sarrafa shi. Yanzu da wuya a shiga kasuwa a ƙasar Hausa, ko a Nijeriya ko a Nijar, ba a ga mai suyar awara ba.

Da farko mutane sun ƙi shi, kuma suna da hujja. An dafa shi kamar farin wake, ya ƙi nuna, itace ya ƙare. An ɗanɗana, aka ji ƙarni. Laifin ba na waken ba ne, hanyar ce ba a sani ba. Waken suya ba a dafa shi a ci gaya kamar farin wake. Sarrafa shi ake yi.

Doka ta farko ita ce, ba a cin sa ɗanye. Ɗanyen waken suya yana da wani abu da ke hana ciki narkar da abinci. Wuta ce take kashe shi. Ko gari, ko madara, ko awara, dole ya dahu sosai.

Gari shi ne mafi sauƙi. A tsince waken, a fitar da tsakuwa. A tafasa ruwa, sannan a zuba busasshen waken a cikin ruwan yana tafasa. Kada a jiƙa shi da ruwan sanyi tukuna, don ruwan sanyi ne yake tayar da ƙarnin. A bar shi ya yi kamar rabin awa a wuta. A sauke, a murje ɓawon, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau. Sai a kai inji. Wannan gari ana haɗa gwangwani 1 da gwangwani 3 na garin dawa ko masara ko gero. A yi tuwo, ko kunu, ko a kaɗa a miya. Ɗanɗanon tuwon ba ya canzawa sosai. Maigida ma ba lallai ya gane ba sai an gaya masa.

Madarar waken suya da awara

Nan hanyar ta bambanta. Wanda zai yi madara ko awara ba ya dafa waken kafin niƙa. In ya dafa, madarar ba za ta fito da kyau ba, awara kuma ba za ta haɗu ba. Jiƙawa ake yi. A jiƙa da dare a wanke da safe. Lokacin zafi a rage awoyin, don kada ya yi tsami. A kai markaɗe, a markaɗa ya yi laushi sosai. Kofi 1 na busasshen wake yana ɗaukar ruwa kamar kofi 7. A tace da ƙyalle mai tsabta, a matse da kyau.

Farin ruwan da ya fito shi ne madarar, amma ɗanya ce tukuna. A ɗora a babbar tukunya, kada a cika ta. Madarar waken suya tana kumfa, tana kuma zubewa cikin ƙiftawar ido. Uwargida ta tsaya a kanta da ludayi, ba lokacin zuwa ɗiban ruwa ba ne. In ta tafasa a rage wuta, a bar ta minti 15 zuwa 20 ana motsawa. A sa ɗan gishiri da sukari ko mazarƙwaila. Citta da kanumfari suna kashe sauran ƙarnin. Ana sha haka nan, ana dama kunu da ita, ana zuba ta a shayi. Ba ta kwana in babu firji. A yi daidai wadda za a shanye a ranar.

Awara daga wannan madara take fitowa. Mutanen Sin sun fi shekara 1,000 suna yin ta. Yadda Fulani suke sa nono ya daskare ya zama cuku, haka ake yi wa madarar waken suya. In ta tafasa ta dahu, sai a riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan. Ruwan tsamin gasara yana yi. Ruwan tsamiya da aka jiƙa aka tace yana yi. Lemon tsami ma yana yi. Za a ga madarar ta tsinke, farin ya dunƙule ya taso, ruwan ya koma garai-garai. Da an ga haka a dakata. In tsamin ya yi yawa, awara za ta yi tauri ta yi tsami. In ya yi kaɗan, rabin madarar zai bi ruwa. Wannan wuri sai hannu ya saba, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai.

A kwashe a zuba a ƙyalle ko buhu mai tsabta. Mai so ya sa albasa da attaruhu da gishiri a wannan lokaci. A ɗaure, a ɗora dutse mai nauyi, ruwa ya tsane. In ta yi ƙarfi a yanka.

Yawancin mutane sun san awara da suya da yaji kawai, abin ci a bakin makaranta. Aikinta ya wuce haka. In an soya ta sama-sama aka jefa a miyar taushe ko miyar dage-dage, tana shan romo, tana kuma taunuwa kamar nama. Ana farfasa ta a soya da albasa da tumatir, ta tsaya a madadin wainar ƙwai. Hausawa sun ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Wannan uwar ɗaki ba ta da rowa.

Dusar da ta rage a ƙyallen tata ba shara ba ce. Akwai sauran abinci a cikinta. Ana zuba kaɗan a ƙullun ƙosai ko a tuwo, muddin za ta dahu. Abin da ya rage a ba awaki da tumaki.

Manomi ma yana da rabo. Waken suya yana ƙara wa ƙasa taki kamar yadda gyaɗa da wake suke yi. Wasu irinsa suna rage ƙuduji in an yi su kafin masara ko dawa. Ƙwari ba sa cin sa a rumbu kamar yadda suke cin farin wake. Amma irinsa ba ya jure ajiya. Wanda ya kwana biyu a wuri mai zafi da laima ba ya tsira da kyau. A tambayi malamin gona irin da ya dace da ƙasar wurin.

Sauran musanya ba su da wuya. Man gyaɗa, manja, man riɗi da man kaɗanya suna tsayawa a wurin man shanu. Daddawa tana ba miya daɗin da romon nama yake bayarwa. Dabino da mazarƙwaila suna maye gurbin zuma. Kunun aya yana da daɗi da sanyaya rai, amma kada farinsa ya ruɗi mutum, ba shi da furotin kamar nono ko madarar waken suya.

Abin da tsiro ba zai iya bayarwa ba

Nan ne ya kamata a buɗe kunne. Akwai wani sinadari da ake kira bitamin B12. Jiki yana bukatarsa don yin jini da lafiyar jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Ana samunsa a hanta, nama, kifi, ƙwai da nono. Babu shi a gero, babu a wake, babu a awara, babu a zogale. Hantar mutum tana ajiye shi, ajiyar kuma tana iya kai shekaru. Shi ya sa wanda ya bar abincin dabba yakan ga lafiyarsa ƙalau da farko. Sai ajiya ta ƙare, a fara ganin kasala, ƙarancin jini, mutuwar yatsu da tafin ƙafa, da mantuwa. Jaririn da uwarsa ta rasa wannan sinadari shi ya fi shiga haɗari, don nononta ma ba zai samu ba.

'Yan bigan sun san da wannan. Ƙungiyarsu da kanta tana gaya wa mabiyanta su sha ƙwayar B12, ko su ci abincin da aka zuba masa shi a masana'anta. Mutumin da ke ƙauye mai nisa da kantin magani ba shi da wannan gata. Saboda haka kuskure ne ya kwaikwayi Bature har ƙarshe. Kada a raina ɗan abin da ake da shi. Nonon da ake dama fura da shi, ƙwan zabi da damina, ɗan busasshen kifi da aka daka a miya, suna toshe wannan kafa. Gidan da ke da kaji, kada a kai ƙwan duka kasuwa. Tsohon camfin nan da ke cewa yaro in ya ci ƙwai zai yi sata ba shi da tushe, kuma ya cuci yara da yawa.

A lokacin yunwar 2005 a Nijar, an ceci dubban yara masu tamowa da wani tunkuzan gyaɗa na musamman da ake bayarwa a asibiti. Ko shi ba gyaɗa ce zalla ba. An haɗa ta da garin madarar shanu da mai da sukari da bitamin. Likitoci sun san jikin ƙaramin yaro yana son abin dabba ko da kaɗan ne.

Haka kuma madarar waken suya ta gida ba ta zama nonon uwa. Jariri nonon uwa zalla zai sha har wata 6, ko ruwa ba a ba shi. Bayan wata 6 a fara ba shi kunu mai kauri da aka sa wa garin waken suya ko gyaɗa da ɗan manja, ana ci gaba da shayarwa har shekara 2. In uwa ta rasu ko nono ya ƙafe, a je asibiti a nemi shawara.

Sai maganar ƙarfen da ke ƙara jini. Akwai shi a wake da zogale da alayyafo da kuka. Amma jiki ba ya jan na tsiro da sauƙi kamar na nama. Abin da ke taimaka masa shi ne 'ya'yan itace irin su lemo, gwaiba, ɗanyen tumatir da garin 'ya'yan kuka. A ci su tare da abinci. Shayi kuma hana shi yake yi. Mai shan shayi ya jinkirta kamar awa guda bayan cin abinci. Mace mai ciki ta riƙa zuwa awo, ta sha maganin ƙarin jinin da aka ba ta, ko tana cin nama ko ba ta ci.

Wanda zai ƙara wake a abincin gidansa ya fara da kaɗan. Cikin da bai saba ba yakan yi kumburi da iska a kwanakin farko, daga baya ya daidaita. Jiƙa wake da zubar da ruwan jiƙon kafin dahuwa yana rage wannan, yana kuma rage cin itace. Kanwa tana sa wake ya yi saurin nuna, amma in ta yi yawa tana kashe wasu bitamin da ke cikinsa. Waken da ya kwana a ruwa ba ya bukatar kanwa sai 'yar kaɗan.